Kafin a zuba wa kwamfuta manhaja, wa ke gaya mana ko ita wace ce?

Takardar da shugaban makarantar ya miƙo mini layi ɗaya ne a kanta: kwamfuta 40. Kwalayen sun taso daga Duwala ta jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, aka ɗoro su a babbar mota zuwa Garwa. Da muka fasa su sai muka tarar kowace da danginta. Ga Dell, ga HP, ga Lenovo, laftop da na tebur a cakuɗe, ga kuma guda shida haɗin hannu waɗanda ko suna babu a jikinsu. Duk na hannu ne, irin waɗanda kamfanonin Turai suka gama mora suka sallamar.

Yaron da ke koyon aiki a wurina ya dubi tarin ya ce, "Maigida, me zai hana mu gyara guda ɗaya tsaf, mu kwafe ta a kan sauran?" Shawararsa ba ta banza ba ce. Da kwamfutocin uwa ɗaya uba ɗaya ne, da Clonezilla, manhajar kwafe faifai ɗungurungum, ta gama mana aikin kafin la'asar. Amma kama da wane ba ta wane. Windows ɗin da aka girka a kan tsohuwar na'ura mai tashi ta BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke fara tayar da kwamfuta, ba za ta tashi a kan wadda aka saita ta UEFI, sabon tsarin da ya gaje ta, ba, domin hatta yadda ake yanka faifan ajiyarsu ya bambanta. Wadda ta tashi ma, sai ka tarar ba sauti, ko ba ta ganin intanet, ko hoton allo ya yi ɓaro-ɓaro.

Ɗaya hanyar kowa ya san ta. Ka ɗauki kile, wanda 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira filash, ka bi su ɗai-ɗai, kana amsa tambayoyi iri ɗaya sau arba'in, kana farautar direba, wato ƙaramar manhajar da ke sa wani sashe na na'ura ya yi aiki, ga kowace. A watan Afrilu, lokacin da ruwan madatsar Lagdo ya ja baya ake rabon wuta unguwa-unguwa, wannan aikin sai ya cinye maka mako biyu.

Hanya ta uku ita ce abin da nake son warwarewa. Ana ajiye kwafin babbar manhaja guda ɗaya a kan kwamfutar da ke rabo, wadda ake kira saba, tare da rumbun direbobi da wani ɗan fayil na rubutu zalla. Kowace kwamfuta in ta tashi sai a tambaye ta ko ita wace ce, a duba amsarta a cikin fayil ɗin, a ba ta abin da ya dace da ita. Fayil ɗin ba shi da wayo na kansa. Sharuɗɗa ne jere: in an ga kaza, a yi kaza. Duk ingancin aikin ya rataya ne a kan amsar da na'urar ta bayar, da kuma yawan amincin da ka ba wa amsar.

Katin shaidar da ke cikin BIOS

A cikin babban allon kowace kwamfuta, wato madabod, akwai wani ɗan jadawali da maƙerinta ya cika tun a masana'anta. Sunansa SMBIOS, kuma ƙungiyar DMTF ce ke kula da tsarinsa. An kasa shi gida-gida. Gida na 0 bayanin BIOS ne, gida na 1 bayanin na'urar gaba ɗaya: sunan kamfani, samfuri, lambar siriyal, da wata doguwar lamba da ake kira UUID. Gida na 2 na madabod ne, na 3 kuma na akwatin da aka zuba kayan a ciki. A Linux umarnin dmidecode ke karanto shi. A Windows ta hanyar WMI, tsarinta na ba da bayanan na'ura, ake tambaya; tsofaffin hannu sun saba da wmic, amma Microsoft ta sa shi a layin ritaya, yanzu Get-CimInstance na PowerShell ake amfani da shi.

Gida na 3 yana da daɗin aiki domin lamba ce kawai. Lamba 3 na nufin kwamfutar tebur, 9 da 10 laftop, 13 wadda aka haɗe allo da injin wuri ɗaya. Da SMBIOS 3.0 ya fito a 2015 aka ƙaro 30, 31 da 32 saboda tablet da laftop masu naɗewa ko masu cire kibod. Rubutun da aka yi kafin wannan lokaci bai san waɗannan lambobi ba, shi ya sa za ka ga ya ɗauki sabuwar laftop a matsayin abin da ba laftop ba, ya hana ta saitin batir.

Wannan jadawali tamkar katin shaidar da kake miƙa wa jandarma ne a shingen hanyar Marwa. Abin da aka rubuta yake karantawa. Ko an rubuta daidai, ko katin na mai shi ne, wannan wata magana ce dabam, kuma za mu dawo kanta.

Akwai shaida ta biyu wadda ta fi wannan ƙarfi. Kowane sashe da ke maƙale a layin PCI ko USB, hanyoyin da sassa ke haɗuwa da madabod, yana ɗauke da lambobinsa na kansa, ɗaya ta kamfanin da ya ƙera shi, ɗaya ta samfurin. Intel ita ce 8086, Realtek 10EC, Nvidia 10DE, Broadcom 14E4, katin hoton AMD kuma 1002. Idan ka buɗe bayanin katin sadarwa a Windows ka ga PCI\VEN_10EC&DEV_8168, to ka san ɗan Realtek ɗin nan ne da ya cika kasuwa. Kowane direba, wanda masu karatun Faransanci ke kira pilote, yana zuwa da fayil mai ƙarewa da .inf, inda aka jera lambobin sassan da zai iya tuƙawa. Windows tana gwama lambar sashe da wannan jeri. In direbobi da yawa suka dace, tana fifita mai sa hannun da ta amince da shi da wanda lambarsa ta fi matsowa kusa, sannan ta dubi kwanan wata. Linux ma haka take yi ta hanyar udev, sai dai ita mafi yawan direbobinta suna cikinta tun asali, shi ya sa wannan ciwon kai ya fi sauƙi a can.

Bambancin shaidun biyu shi ne jigon zancen. SMBIOS yana faɗin abin da kamfani ya ce ya haɗa ranar da na'urar ta bar masana'anta. Lambar PCI tana faɗin abin da ke ciki yau.

Tambayar farko tun kafin a ga allo

Ganewa tana farawa ne tun kwamfuta ba ta loda komai ba. Idan ka danna F12 ka zaɓi tashi ta wayar sadarwa, wato kebul, katin sadarwa yana amfani da tsarin PXE, wanda Intel ta fitar da sigarsa ta 2.1 a 1999. Na'urar takan yi shela a layin tana neman adireshi, kuma a cikin shelar akwai wani gurbi mai lamba 93 inda take faɗin irin tashinta: 0 in BIOS ce ta da, 7 ga yawancin UEFI masu bit 64, wasu su ce 9, sai 6 ga UEFI mai bit 32 irin na ƙananan na'urori masu Intel Atom. Fayil ɗin saitin DHCP, tsarin da ke rabon adireshi, shi ke duba wannan lamba ya miƙa fayil ɗin tashi da ya dace. In ka miƙa wa UEFI na BIOS, ba za ta yi maka dogon bayani ba, tsallakewa kawai za ta yi ta koma faifanta.

A yawancin makarantu da shagunan intanet na nan, ɗan akwatin kamfanin sadarwa ne ke rabon adireshi, kuma ba shi da wurin rubuta irin wannan sharaɗi. Ba sai ka kashe shi ba. Manhajar dnsmasq tana iya zama a gefe, ta bar akwatin ya ba da adireshi, ita kuma ta ƙara bayanin tashi kaɗai.

Daga nan sai mai loda manhaja ya nemi nasa fayil ɗin. PXELINUX yana da tsari mai kyau da ya kamata kowa ya koya ko da ba zai yi amfani da shi ba. Yakan fara neman fayil mai sunan UUID ɗin na'urar. In babu, ya nemi mai sunan adireshin MAC, lambar da aka ƙera katin sadarwarta da ita. In babu, ya juya adireshin IP zuwa lissafin goma sha shida, misali 192.168.1.25 ya zama C0A80119, ya nema, ya riƙa yanke harafi ɗaya daga ƙarshe yana sake nema. Sai duk sun ƙare yake komawa ga fayil na gama-gari. Wato daga mutum ɗaya, zuwa gidansu, zuwa unguwarsu, zuwa gari. Shi kuma iPXE ya fi shi baki, domin yana iya karanto sunan kamfani da samfuri da siriyal ya aika wa saba, saba ta dawo masa da umarnin da aka ɗinka wa wannan na'ura.

Fayil ɗin da ke yanke hukunci

A ɓangaren Windows, abin da yawancinmu muka koya a kansa shi ne MDT na Microsoft, kayan girka Windows a kan kwamfutoci da yawa da aka riƙa bayarwa kyauta, kuma zuciyarsa fayil ne mai suna CustomSettings.ini. Bayan na'ura ta tashi cikin ƙaramar Windows ta wucin gadi, wani rubutu mai suna ZTIGather yakan tattaro bayananta ya zuba su cikin sunaye kamar Make, Model, SerialNumber, IsLaptop da Memory. Sannan ya buɗe fayil ɗin ya karanta layi mafi muhimmanci a cikinsa:

Priority=SerialNumber, Model, Iri, Kowa

Ma'anarsa, a fara neman sashe mai sunan siriyal ɗin wannan na'ura, sai mai sunan samfurinta, sai sashen Iri, sai sashen Kowa. Sunaye biyun ƙarshe ni na raɗa su, fayil ɗin bai damu da harshen da ka sa ba, sai dai ka guje wa haruffa masu lanƙwasa. Ga yadda sassan suke:

[Latitude E7470]
DriverGroup001=Win10\Dell\E7470

[Iri]
Subsection=Laftop-%IsLaptop%

[Kowa]
TimeZoneName=W. Central Africa Standard Time

Dokar da ke kayar da sababbin shiga ita ce, wanda ya riga faɗa shi ke da magana. Idan sashen siriyal ya riga ya raɗa wa kwamfuta suna, duk sunan da wani sashe na ƙasa zai kawo ba a kula shi. Mutum ya saba da cewa rubutun ƙarshe ke shafe na farko, a nan kuwa akasin haka ne. Shi ya sa ake jera su daga na musamman zuwa na kowa. Amma abubuwan da suke jeri ne, kamar manhajojin da za a girka ko rukunin direbobi, su taruwa suke yi. In ka sa wani rukunin direba a sashen samfuri, ka sake sa wani a sashen Kowa, na'urar duka biyun za ta kwasa. Na ɓata yini guda kafin in gane wannan.

Game da direbobi, hanyoyi biyu ake bi. Ko dai ka zuba su duka a rumbu ɗaya ka bar lambobin PCI su zaɓa, ko ka ware wa kowane samfuri aljihunsa, ka rubuta DriverSelectionProfile=Nothing, ka ce kada a taɓa komai sai abin da ke aljihun da sunansa ya yi daidai da Make da Model. Littattafan koyarwa na Turai ta biyun suke yabawa, kuma suna da hujja: katin sauti ɗaya na iya zama a cikin Dell da HP, amma kowane kamfani ya yi masa nasa gyaran, direban wancan ya sa lasifikar wannan ta yi shiru.

Sai dai waɗanda suka rubuta littattafan suna magana ne a kan kamfanin da ya sayi laftop dubu samfuri uku, sababbi dal, daga dila ɗaya. Mu a ɗaki guda mun ƙirga samfuri goma sha huɗu. Kunshin direbobin samfuri ɗaya daga Dell ko HP ko Lenovo yakan kai ɗaruruwan megabait, wani ya haura gigabait. Ka lissafa kuɗin data, ka lissafa daren da za ka kwana kana jiran saukarsu.

Inda katin shaida ke ruɗar mutum

Fara da sunan kamfani. Kwamfutocin HP na da suna amsa Hewlett-Packard, amma bayan kamfanin ya rabu biyu a 2015 sababbin suka koma amsa HP kawai. In aljihunka suna ɗaya ya sani, rabin kayanka za su wuce ba direba. Dell kuwa Dell Inc. take rubutawa, da ɗigo a ƙarshe, kuma Windows ba ta yarda sunan aljihu ya ƙare da ɗigo. Ƙaramin abu ne, amma yana hana barci.

Lenovo ita ce gwanar rikici. A murfi an rubuta ThinkPad T470, amma in ka tambayi Model sai ta ba ka wata lamba mai haruffa goma da ta fara da irin su 20HD ko 20HE. Haruffa huɗun farko su ne nau'in na'urar, sauran suna canzawa gwargwadon ƙasar da aka kai ta da kayan da aka sa mata. Sunan da mutane suka sani yana wani gurbi dabam mai suna Version. Don haka T470 guda biyar za su iya ba ka amsa biyar. Maganin shi ne ɗan rubutu da zai yanko huɗun farko, ko ya ɗauko Version in kamfanin Lenovo ne, ya zuba a wani suna naka, ka riƙa aiki da wannan. Masu HP kuma da yawa sun fi dogara da lambar madabod, kamar 8079 a kan EliteBook 840 G3, domin ita ba ta sauya salon rubutu.

Su kuwa shidan nan haɗin hannu, da muka tambaye su sunansu, huɗu suka amsa da To Be Filled By O.E.M., wato gurbin da aka bar wa mai haɗawa ya cika bai cika ba. Biyu suka ce System Product Name. A idon fayil ɗin saiti huɗun nan samfuri ɗaya ne, alhali biyu Intel ne biyu AMD. Siriyal ɗinsu ma rubutun banza ne iri ɗaya, ka ga ke nan raɗa suna da siriyal zai haifar da kwamfutoci huɗu masu suna ɗaya a layi ɗaya. A irin waɗannan sai ka gangara gida na 2, ka tambayi madabod, domin ASUS ko Gigabyte ko MSI sukan rubuta sunan allonsu daidai.

Wanda ya fi duka shafar mu shi ne aikin masu gyara. Duk wanda ya zauna a rumfar gyara a kasuwar Garwa, ko Kusiri, ko Njamena, ya san yadda ake tayar da laftop ɗaya daga gawar biyu. A ciro katin Wi-Fi na wannan a sa wa waccan, a canza allo, a ɗauko madabod daga wata. Ba ha'inci ba ne, sana'a ce, kuma da ita kayan ke daɗewa a hannunmu. Amma sakamakon shi ne na'urar tana amsa sunan samfurin da aka san shi da katin Intel, alhali na Realtek ke ciki. Aljihun samfurin ba shi da direban Realtek, ka kuma riga ka hana a duba wani wuri. Aiki ya ƙare lafiya, ba kuskure ko ɗaya a rahoto, Wi-Fi kuma babu. In madabod aka canza, siriyal ɗin da ke cikin BIOS ba zai yi daidai da na takardar da ke manne a ƙasa ba, wani lokaci ma wayam za ka gani.

Adireshin MAC ma ba a rantsuwa a kansa. Siraran laftop na yanzu ba su da ramin waya, sai an sa musu ɗan adafta na USB. Adireshin na adaftan ne. In da guda ɗaya ka bi laftop goma, saba za ta ɗauka na'ura ɗaya ce ke ta dawowa.

Abin da na tsaya a kai bayan wannan aiki shi ne raba ƙafa. Samfurin da muke da shi da yawa, kuma na ga ba a taɓa cikinsa ba, yana samun aljihunsa. Bayan haka akwai ƙaramin rumbu na kowa wanda ba komai a ciki sai direbobin katin waya, Wi-Fi da faifai, a bar lambobin PCI su zaɓa daga nan. In na'ura ta samu intanet, sauran gyara mai sauƙi ne. Kuma kafin a girka komai, sai mun yi zagayen farko na ƙidaya: kowace ta tashi ta waya, ta rubuta sunanta, siriyal, girman ram, faifanta da lambobin sassanta a fayil ɗaya, ta mutu. Minti kaɗan ne kowace. Daga wannan jeri ake rubuta sharuɗɗa, ba daga abin da ke kan murfi ba. Ba a cinikin biri a sama.

Faifan da za a share

Kuskuren direba ana gyara shi gobe. Kuskuren faifai ba ya gyaruwa. Yawancin misalan da ake kwafowa suna cewa a share faifai na 0 a Windows, ko sda a Linux, kamar dai kowace na'ura faifai ɗaya gare ta. Amma faifan NVMe a Linux sunansa nvme0n1, na ƙananan laftop masu eMMC kuma mmcblk0, kuma a irin waɗannan na'urori sda na iya zama kilen da ka tashi da shi. A kwamfuta mai faifai biyu, lambar da kowanne zai samu ta danganta da ramin da aka soke shi.

Wannan ya taɓa cin ni, kuma laifina ne. Bayan mun gama ɗakin ɗalibai aka ce mu haɗa da kwamfutar ofis. Ƙaramin SSD gare ta na manhaja da babban faifai na ajiya, inda aka tara takardun shekaru. Babban shi ne na 0. Allah Ya sa akwai kwafin wata uku baya a wani faifan waje, amma abin da ke tsakani sai da aka sake bugawa da hannu, ni kuma na sha kallon da ban manta ba.

Kayan aikin duk sun tanadi mafita, mu ne ba ma karantawa. A MDT akwai OSDDiskIndex, wanda rubutu zai iya cikawa bayan ya duba nau'i da girman kowane faifai. A Kickstart na Red Hat da Fedora akwai sashen %pre, inda ake gudanar da rubutu kafin girkawa, ya duba faifan, ya rubuta tsarin yanka a wani fayil, sannan %include ya jawo shi. Tsarin autoinstall da Ubuntu ta kawo a sigar 20.04 yana barin ka ce a zaɓi SSD, ko mafi girma, ko mafi ƙanƙanta, ko mai siriyal kaza. Debian tana da preseed, SUSE tana da rules.xml a AutoYaST. Sunaye ne suka bambanta. Nawa sharaɗin yanzu gajere ne: in faifai ya wuce ɗaya, a tsaya a tambayi mutum.

Wani abin kuma, laftop masu Intel ƙarni na 11 zuwa sama sukan zo da VMD, wani saitin Intel na sarrafa faifai, a kunne, sai Windows ta ce ba ta ga faifai ba sam. Faifan lafiyarsa lau. Direban Intel RST ne babu a cikin ƙaramar Windows ɗin tashi, kuma can ya kamata a sa shi, tare da na katin waya, domin sharaɗin da ke cikin fayil ba ya amfani in na'urar ba ta kai ga karanta shi ba.

Abin da na'ura ba za ta faɗa ba

Kibod. Mu da ke tsakanin Faransanci da Ingilishi mun fi kowa sanin wannan. Kibod ba ya aika harafi, matsayin maɓalli yake aikawa, manhaja ce ke fassara shi. Maɓallin da ke A a kan AZERTY na Faransa shi ne Q a kan QWERTY, kuma a wajen kwamfuta abu ɗaya ne. A lodinmu akwai AZERTY na Faransa, akwai na Beljiyam da alamominsa suka ɗan saɓa, akwai QWERTZ na Jamus, akwai QWERTY. Babu tambayar da za ka yi wa BIOS ta gaya maka fentin da ke kan maɓallan, balle an sha canza kibod ɗin a kasuwa. In ka sa 040c:0000040c na Faransa a sashen Kowa, mai QWERTY zai buga kalmar sirri daidai a ce masa kuskure ne. Wannan sai ido. A zagayen ƙidaya yaron ke dubawa ya rubuta, mu sa KeyboardLocale a sashen siriyal na kowace laftop. Na tebur kuwa muka saya musu kibod iri ɗaya aka huta.

Haka batirin CR2032 da ke riƙe agogon madabod. In ya mutu, kwanan wata ya koma shekarun baya, shafukan intanet su ƙi buɗewa saboda takardun amincinsu, saitin BIOS kuma ya koma na masana'anta duk lokacin da aka ɗauke wuta. Na'urar da ka saita jiya ta tashi ta UEFI, yau ta dawo da wata amsar.

Akwai kuma shaidar da tsohon mai ita ya bari. Tun daga Windows 8, lasisin da kamfani ya saya yana rubuce a cikin BIOS, a wani jadawali mai suna MSDM, kuma mai girkawa yakan karanta shi ya zaɓi Home ko Pro da kansa in ba ka ƙayyade ba. Wannan alheri ne, lasisi ne na halal da ka saya tare da na'urar. Wanda ba alheri ba shi ne laftop ɗin da tsohon kamfaninta ya yi wa rajista a Windows Autopilot bai cire ta ba. Ka share faifai, ka girka sabuwa, tana shiga intanet sai ga sunan wani kamfanin Turai yana neman ma'aikacinsa ya shiga. Sabar Microsoft ta gane ta da irin shaidun da muke ta magana a kansu, kuma wanda ya yi rajistar ne ke da ikon cire ta.

Shi kansa MDT ya tsufa. Sigarsa ta ƙarshe, 8456, ta fito ne a 2019, ba a yi shi don Windows 11 ba, kuma da VBScript aka rubuta shi, harshen da Microsoft ta sanar a 2023 cewa za ta janye. Windows 10 ma tallafinta na gama-gari ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 tana neman sashen tsaro na TPM 2.0, ram gigabait 4, faifai gigabait 64, da injin Intel ƙarni na 8 zuwa sama in ban da 'yan kaɗan. T470 da E7470 da 840 G3 da suka cika kasuwanninmu duk ba su kai ba. Saboda haka tambayar da fayil ɗin saiti zai amsa ta ƙaru: kafin a ce wane direba, sai an ce wace manhaja. A menu na iPXE da muke amfani da shi yanzu, wadda ta cika sharuɗɗa tana tafiya Windows 11, wadda ba ta cika ba a nufi Linux Mint ko Debian da ita, in mai makaranta ya yarda.

Su shidan nan marasa suna, Debian muka sa musu, muka bambanta su da adireshin MAC tunda katinsu a jikin madabod yake. Duk na'urar da ta zo da amsar da ba ta cikin jerinmu, sashen Kowa ba ya taɓa faifanta. Yana nuna sunanta da lambobin sassanta a allo, ya aika kwafi zuwa saba, ya tsaya yana jira. A makon da ya wuce biyu suka tsaya haka a wani shagon intanet, yaron ya kira ni ya karanto lambobin ta waya, na ƙara layi huɗu a fayil ɗin, ya sake danna F12.